Tambaya da Amsa: Tsofaffin Libarbobin Soja

Tambaya: Na ga libarba ƙirar Webley Mk VI ta sojan Ingila ana gwanjonta da araha. An rubuta cewa tana cin harsashin .45. In saya?

Amsa: Malam, arahar nan da dalili. Webley Mk VI ta fito a 1915, kuma harsashinta na asali .455 ne. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu an kwashi da yawa zuwa Amurka, aka aske bayan gidan harsashin nan mai juyawa, kamar milimita ɗaya da rabi, don ta karɓi harsashin Amurka mai suna .45 ACP. Ka duba lambar da aka buga a gefen gidan ta baya: in ka ga an cinye gindin lambobin, an aske ta. Daraja ta faɗi ke nan, kuma ba ta gyaruwa ta koma yadda take a da. Ga shi ƙarfin .45 ACP ya fi abin da aka ƙera ta ta ɗauka, har gidan yakan fashe. Ka nemi hatimin kibiya na gwamnatin Ingila a jikinta, sannan ka tabbatar lamba ɗaya ce a gangar jiki da bututu da gidan harsashi. Kafin komai, ka san dokar ƙasar da kake. A dokar tarayyar Amurka, wadda aka ƙera kafin 1899 ce kayan tarihi, wannan kuwa ba ta shiga ba.

Tambaya: Tawa ta yi dabbare-dabbaren tsatsa. In goge ta ta yi ƙyalli?

Amsa: Kul! Dusasshen launin nan shi masu saye ke biya wa kuɗi. Burushin ƙarfe ko sabon rini yana shafe hatimai, ya dakushe kaifin gefuna, mai ido kuwa nan take zai gane. Ka ɗiga mai kaɗan a kan tsatsar, ya kwana, ka share da auduga, sannan ka shafa kakin da gidajen tarihi ke amfani da shi. Danshin ɗaki ya tsaya wajen kashi 45 zuwa 50. Kada ta kwana cikin kuben fata, domin fata na riƙe danshi, tana kuma sa tagulla ta yi kore. Gumin yatsa ma yakan bar tabo.

Tambaya: Yaya ake gane samfurin gwaji na gaske, wato bindigar da kamfani ya ƙera don gwadawa kafin ya fara ƙera ta da yawa?

Amsa: Da takardu. Irin waɗannan sau da yawa ba su da lamba, shi ya sa 'yan damfara ke son su: a haɗa sassa daga bindigogi uku a ce gwaji ce. Ka nemi wasiƙar kundin kamfani, kamar wadda kamfanin bindigogi na Colt ke bayarwa, da jerin hannayen da ta bi. Ko Colt Walker ta 1847, da aka ƙera 1,100 kacal, jabunta sun cika kasuwa, ga shi wata ta gaske ta kai dala miliyan 1.84 a gwanjon 2018.