Amsa ga ɗan ƙanwata mai son zama likitan mafitsara

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce kana son ƙwarewa a kan ciwon mara mai daɗewa, amma kana tambaya ko al'adarmu ta yarda yaro kamarka ya duba tsiraicin sa'an mahaifinsa.

Ta yarda, tun kafin zuwan asibiti. Wanzami ke yi wa yara kaciya, ya yi wa magidanta ƙaho, ba a taɓa kiransa marar kunya ba, don abin da ya gani a zaure, a zaure yake barinsa. Malamai ma sun ce larura na halatta duba al'aura gwargwadon buƙata.

Kunyar da za ta ba ka aiki ita ce ta marar lafiyan. Magidanci sai ya yi wata 3, ya yi 6, har shekara, mara na ci masa wuta, fitsari da raɗaɗi, zaman kujera ya gagare shi, ko uwargida bai faɗa wa ba. Sai ya ce sanyi ne, ya sayi jiƙo wajen masu lasifika a kasuwa, ya yi ta haɗiyar kafso daga kemis. Ka fi ni sani, yawancin masu wannan ciwon ba a samun ƙwayar cuta a gwajinsu. Sau da yawa naman ƙasan ƙugu ne ya ɗaure, ko jijiya, damuwa kuma ta ƙara masa. Don Allah kada ka ce masa lafiyarsa ƙalau. Wannan maganar ce ke sa ya zargi sammu.

Idan ya shigo, ka gaishe shi da Baba, ka tambayi iyali. Ka sallami ɗan rakiya, domin dattijo ba zai yi zancen gabansa ɗansa na tsaye ba. Ka nemi izini kafin ka taɓa shi, ka rufe inda ba ka dubawa. In mace ce, a samu nas mace a ɗakin. Kada ka manta da tsargiya: tambaye shi ko ya yi wankan kududdufi ko noman shinkafa, don har yau wasu na ɗaukar fitsarin jini alamar balaga.

Karatun da tsawo, ga jarrabawar Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma a gabanka. Nemi gurbi a asibitin koyarwa na Shika ko na Malam Aminu Kano. Mahaifiyarka kuwa, in ita ma tana da wannan shakkar, bar ni da ita, zan yi mata bayani da kaina.