Tambaya da Amsa: Shokozoba mai saiti ga ƙaramar motar gudu, tsakanin titi da filin tsere

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ina da Mazda MX-5 ƙirar 2003 wadda na saya tokumbo. Ina hawanta daga Gwarinpa zuwa ofis sau biyu ko uku a mako, sannan lokaci zuwa lokaci ni da abokaina mukan kai motocinmu wani killataccen fili domin gwada gudu da shan kwana. Shokozobar da ta zo da ita ta gaji, ta baya ɗaya har tsiyayar mai take yi. Bakanikena a Apo ya ce in mayar da irin ta asali in huta, abokai kuwa sun ce in yi odar mai saiti, kuma wadda ta fi yawan matakan murɗawa ita ce ta fi kyau. Na ga mai saiti ɗaya, na ga mai biyu, na ga mai uku, kuɗinsu kuma ya yi nisa da juna. Wacce zan saya domin motar ta yi laushi a cikin gari, idan na je fili kuma in murɗa ta yi tauri?

Daga wani mai karatu a Gwarinpa, Abuja.

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin maganar wacce za ka saya, akwai wani zato a cikin tambayarka da ya kamata mu warware, domin shi ne yake sa mutane da yawa zubar da kuɗi. Shokozoba ba ita ce take ɗauke da nauyin mota ba, sifirin ne yake ɗauka, kuma shi ne yake yanke iyakar yadda mota za ta kwanta idan ta daɗe a cikin kwana. Aikin shokozoba shi ne rage saurin motsin: a cikinta akwai fistin da yake tura mai ta wasu ƙananan ƙofofi, ƙarfin girgizar sai ya koma zafi ya fita. Idan ka murɗa saiti, ƙofar man kake ragewa ko ƙarawa, sifirin yana nan yadda yake. Saboda haka murɗawa tana iya sauya halin motar har ka ji a sitiyari, amma ba za ta mayar da motar zuwa ofis ta zama motar tsere ba, kuma ba za ta ceci bayanka daga sifirin da ya fi ƙarfin motar ba.

A nan ne rashin nauyin motarka ya shigo. MX-5 irin taka ta ɗan haura tan ɗaya ne kawai, alhali Camry da muka saba gani tana kai kimanin tan ɗaya da rabi, Lotus Elise ta farko kuwa da ta fito a 1996 kimanin kilo 725 ce. Duk sifirin da aka ɗora wa ƙaramin nauyi yakan yi saurin lilo, kuma lissafin sananne ne: sifirin da ya dace da mota mai kilo 1,500, idan aka sa shi a mai kilo 1,000, saurin lilonsa zai ƙaru da kusan kashi 22 cikin ɗari. Ga kuma wani abu na biyu. Taya da wili da birki, wato duk abin da yake ƙasa da sifirin, nauyinsu ba ya raguwa sosai don kawai mota ƙarama ce, don haka idan taya ta daki rami, jikin motar ba shi da nauyin da zai danne dukan, sai ya bi ta sama. Dukan da babbar mota take haɗiyewa ba ka sani ba, ƙaramar mota a ƙugunka za ta sauke shi. Wannan ne ya sa kuskuren zaɓi ya fi fitowa fili a irin motarka.

Motsin shokozoba iri biyu ne, matsewa da miƙewa. Matsewa ita ce lokacin da taya ta hau wani abu ko mota ta dangwala gaba a birki, miƙewa kuma ita ce lokacin da sifirin yake ture ta ta koma yadda take. Mai saiti ɗaya galibi miƙewa take sarrafawa, kamar Koni Sport ta ƙasar Holan wadda aka fi sani da launinta ruwan ɗorawa, ko kuma ta taɓa duka biyun a tare, kamar Öhlins Road & Track ta Suwidin. Mai saiti biyu, irin su KW Variant 3 ta Jamus, ta raba matsewa da miƙewa, kowacce da mamurɗinta. Mai uku, kamar Nitron R3 ta Ingila, ta ƙara raba matsewa gida biyu, ta sannu da ta sauri. Ka lura, sannu da sauri a nan ba gudun mota ake nufi ba, gudun sandar da take shiga da fita ake nufi. Shan kwana da taka birki motsin sannu ne ko da kana kilomita 120, faɗawa rami kuwa motsin sauri ne ko da kana kilomita 30.

Shawarata a gare ka ita ce mai saiti ɗaya, amma mai inganci. Dalilina shi ne, mai saiti uku a ƙafa huɗu mamurɗi goma sha biyu ke nan, kuma wanda ba ya auna lokacin kowane zagaye, ba ya rubuta abin da ya sauya, ba shi kuma da fili ɗaya da yake komawa a kai a kai, hanyoyin ɓata motarsa kawai ya ƙara wa kansa. Na sha ganin wanda ya biya kuɗin mai uku, ya yi ta murɗe-murɗe wata guda, daga ƙarshe ya manta inda ya faro ya bar ta a haka. Maganar abokanka ta yawan matakai kuwa ba ta da tushe. Akwai mai mataki 30 ko fiye wadda rabin matakan ba sa sauya komai, ragowar kuma kowanne tsalle ne, sannan ta dama ba ta yi daidai da ta hagu ba. Ingancin yana cikin bawul ɗin da ba ka gani. Abin da za ka nema shi ne wadda take riƙe motar da ƙarfi a motsin sannu, amma idan duka mai sauri ya zo ta buɗe ta bar mai ya wuce, domin wannan halin ne yake ba ka sitiyari mai amsawa a kwana ba tare da mahaɗar gadojin titin Kubwa ta girgiza maka haƙora ba. Idan kamfani yana nuna takardar gwajin na'ura ta shokozobarsa, alama ce mai kyau.

Za ka kuma ci karo da mai bututu ɗaya da mai bututu biyu. Mai bututu ɗaya, wadda Bilstein ta yi suna da ita tun shekarun 1950, tana da iskar naitirojin mai matsi da aka raba da mai, don haka ba ta saurin yin kumfa kuma ta fi fitar da zafi, abin da yake da amfani a zafin Abuja na watan Maris idan aka yi zagaye da yawa a jere. Mai bututu biyu ta fi araha kuma sau da yawa ta fi laushi a ƙananan gargada. Ga mai zuwa fili da gaske na fi karkata ga ta farko, amma mai biyu ta kirki ta fi mai ɗaya ta banza nesa ba kusa ba.

Yanzu ga inda na fi so ka tsaya ka yi tunani, wato sifirin da tsayin mota. Kayan da ake sayarwa a haɗe, shokozoba da sifirin a kan zare mai ɗagawa da saukewa, da yawansu sifirinsu ya ninka na asalin motarka sau biyu ko uku, domin an yi su ne da tunanin filayen Turai da Amurka masu santsi kamar tebur. Kai kuwa kana da tuddan rage gudu na cikin unguwa, kana da titunan da damina take cinyewa idan ka je ziyara Lugbe ko Lokogoma. Ka zaɓi mafi laushin sifirin da kamfanin yake bayarwa ga mai hawa titi. Kada kuma ka sauke motar sosai don ado. An san MX-5 da ƙarancin filin motsin shokozoba a ƙafafun baya, idan ka sauke ta da yawa sai ta koma tana zama a kan robar tsayarwa, wato robar da take tare shokozoba idan ta matsu har ƙarshe, kuma da zarar ta zauna a kanta a tsakiyar kwana, taurin yana ƙaruwa farat ɗaya, baya ya zame ba sallama. Saukewar santimita biyu ta wadatar. Ka guji kuma kan sama, wato abin da yake haɗa saman shokozoba da jikin mota, mai ƙwallon ƙarfe zalla, domin ƙurar hunturu tana shiga ta ci shi ya fara ƙwanƙwasa. Mai roba ya fi dacewa da mu.

Bakanikenka bai yi wauta ba, kuma akwai gaskiya ɗaya a maganarsa da dole ka lissafa. Shokozobar tsere ana buɗe ta ne a sauya mai da robobi a sake cika mata iska bayan wani zango da kamfanin ya ƙayyade, kuma wannan ba aikin guduma da sufana ba ne. Kafin ka biya, ka san inda za ka tura ta da nawa za ta ci ka zuwa da dawowa. Idan lissafin bai fita ba, Koni Sport da sifirin mai matsakaicin tauri, ko Bilstein marar saiti, za su kai ka fili su dawo da kai cikin mutunci.

Idan kayan sun iso, a sauya duka huɗun tare, a duba bushin da suka tsufa tun 2003, kuma kada a ɗaure kusoshin bushin ɗin sai motar tana tsaye a kan ƙafafunta. A yi alaimen bayan an gama daidaita tsayi. Ka kuma sa ido a kan mai faci: iskar da Mazda ta rubuta wa wannan ƙirar 26 ce a ma'aunin PSI, idan aka hura mata 40 kamar motar haya, duk kuɗin shokozobarka ya tafi a iska. Wajen saiti, ka rufe mamurɗin har ƙarshe a hankali ba tare da tilasta shi ba, domin allurar ciki tana lalacewa, sannan ka ƙirga matakai kana buɗewa zuwa inda littafin kamfanin ya ce. Daga nan ka riƙa sauya mataki biyu kacal a lokaci ɗaya, gaba daban baya daban, kana rubutawa. Idan motar tana ci gaba da lilo bayan ta wuce tudu, miƙewar ta yi sako-sako. Idan kuma a jerin gargada ka ji tana ƙara nutsewa tana tauri, alama ce ka matse miƙewar fiye da kima, sifirin bai gama dawowa ba wani dukan yake iske shi. Ranar ruwa ka sassauta, ko a filin ne, domin taya mai laushin bi ta fi kama jiƙaƙƙiyar kwalta.

TAMBAYA

Malam, na sa wa Toyota GT86 ɗita shokozoba masu saiti wata uku da suka wuce. Idan ina gangara Hawan Kibo, gaban motar yana tsalle-tsalle a kwanar da kwalta ta yi kunyoyi, sitiyarin yana sakewa a hannuna. Wani ya ce in ƙara matsewa. Haka ne?

Daga wani mai karatu a Rayfield, Jos.

AMSA

A'a, Malam, akasin haka za ka yi. Tsallen yana nuna tayar ba ta bin kwalta, kuma a gangara nauyi ya riga ya taru a gaba, birki ya ƙara danne shi. Ka sassauta gaba mataki uku ko huɗu, ka auna iskar taya da safe kafin ta yi zafi, sannan a ɗaga motar a duba robar tsayarwa. Idan ta nuna alamar duka, a ɗaga gaban santimita ɗaya a sake alaimen. Gwajin kuma ka yi shi a fili ko a hanya marar cunkoso da gudu kaɗan, ba a Hawan Kibo tsakanin tireloli ba.