Rayuwar Amurka da ciwon damuwa

'Yar'uwa, kin tambaya ko zaman Amurka na yanzu yana jefa mutum cikin ciwon damuwa. E, yana ƙara rura shi, sai dai gado da yanayin jiki ma suna da hannu.

Abin da na fi gani a jihar Minnesota shi ne kaɗaici. A Disamba mutum zai fita aiki da duhu, ya dawo da duhu, ya ci abinci daga shi sai waya, ko sunan maƙwabcinsa bai sani ba. A 2023 babban likitan gwamnatin Amurka, Vivek Murthy, ya ce kusan rabin baligan ƙasar na fama da kaɗaici. In ƙuncin ya haura mako biyu, barci da cin abinci suka lalace, ki ga likita.