Ƙanƙarar Dutsen Kenya ta kusa ƙarewa, me zan gani in na hau?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Nairobi, daga Bauchi na zo. Tun ina yaro nake da sha'awar kallon tsuntsaye da ƙananan namun daji, amma ban karanta fannin ba. Abokaina suna shirin hawa Dutsen Kenya a hutun Janairu. An ce mini ƙanƙarar da ke samansa ta kusa narkewa, dabbobi kuma a gandun dajin ƙasa ake ganinsu. Akwai abin da zan gani a can da ya kai wahalar hawa da kuɗin da zan kashe? Kuma yaya irina zai gane wurin da ƙanƙara ta taɓa zama?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Ka je. Wanda ya ce maka ƙanƙarar ta kusa ƙarewa bai yi ƙarya ba, sai dai rabin labarin ya ba ka.

Bari mu fara raba ƙanƙara biyu, don Hausa suna ɗaya ta ba su. Akwai dusar ƙanƙara wadda ke zuba yau ta narke gobe. Akwai kuma wadda ta taru shekara bisa shekara ba ta narke ba, ta sama ta danne ta ƙasa har ta daskare ta zama kamar dutse, nauyinta ya sa ta fara gangarowa a hankali, tafiyar da ido ba ya gani. Ita wannan nake kira kogin ƙanƙara, kuma wuri uku kaɗai ta rage a Afirka: Kilimanjaro a Tanzaniya, duwatsun Rwenzori tsakanin Yuganda da Kwango, sai Dutsen Kenya. Abin mamakin shi ne Dutsen Kenya bai kai kilomita 17 daga layin ikwaita ba. Tsayi ne ya yi aikin: duk mita 1,000 da ka hau, zafi yana raguwa da kamar digiri 6, ƙololuwarsa kuwa, wadda ake kira Batian, mita 5,199 ce. Chappal Waddi na Taraba, wanda ya fi kowane dutse tsayi a Najeriya, bai kai rabinsa ba.

A ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da wani masanin duwatsu na Birtaniya, J. W. Gregory, ya hau a 1893, dutsen yana da kogunan ƙanƙara kusan 18. Da yawansu sun ɓace, har da wanda aka raɗa wa sunan shi Gregory ɗin. Mafi girmansu, Lewis, ya yi asarar kusan kashi 90 cikin 100 na jikinsa tsakanin 1934 da 2010. In ka kai tsaunin Lenana mai mita 4,985, wanda shi ne iyakar mai hawa da ƙafa ba da igiya ba, abin da za ka tarar ɗan guntu ne mai dauɗa, kwance a kan tsakuwa. Kada ka sa ran irin hotunan kalanda.

To amma ƙanƙara ba ta tafiya ba ta bar sawu ba, kuma sawun nan shi ne abin kallo. Kamar shekara 20,000 da suka wuce, lokacin da duniya ta fi yanzu sanyi, ta sauko nesa da inda take a yau, har wajen mita 3,300. Duk ƙasar da za ka taka daga nan zuwa sama, ita ta sassaƙa ta. Kuma in ka iya karanta sassaƙar, za ta nuna maka inda dabbobin suke, domin a cikin aikinta suka yi gida.

Alama ta farko ita ce siffar kwari. Kwarin da ruwa ya haƙa tsukakke ne a ƙasa, kamar an sara da gatari, irin zaizayar da ka sani a gida bayan damina. Wanda ƙanƙara ta haƙa kuwa kamar kwami yake: gindi mai faɗi, gefe biyu a miƙe, ga ɗan rafi a tsakiya wanda da ganinsa ka san bai isa ya yi wannan aiki ba. Idan ta hanyar Sirimon kuka bi, daga wajen garin Nanyuki, za ku kwana a zangon Old Moses a mita 3,300, washegari ku faɗa kwarin Mackinder ku bi shi har zangon Shipton a mita 4,200. Ka tsaya a bakin kwarin nan ka dube shi daga gefe zuwa gefe kafin ka shiga. Ta hanyar Naro Moru kwarin Teleki ne, shi ma haka yake. Ta Chogoria kuma akwai tafkin Michaelson a ƙarƙashin wani katon gangare, kuma a ganina ita ce ta fi kyau a cikin ukun, sai dai ta fi nisa. Ƙananan tafkunan da za ka riƙa gani a sama, masu ruwa garai-garai, yawancinsu ramuka ne da ƙanƙara ta ƙwaƙule, ko kuma ruwan da tarin duwatsunta ya tare.

Alama ta biyu sai ka durƙusa. Nemi falalen dutse mai santsi kusa da saman kwari, ka shafa shi da tafin hannu. Za ka ji ƙarce-ƙarce dogaye, duk sun fuskanci waje ɗaya kamar tsagar gado a kumatu. Tsakuwar da ta maƙale a gindin ƙanƙara ce ta ja su lokacin da take gangarowa. Da hantsi ko da la'asar suka fi fitowa, sa'ad da hasken rana ke zuwa a karkace. Ka kuma lura da wani abu da ke fitowa a jikin duwatsu, zagaye-zagaye kamar makero, wani toka-toka wani ruwan ɗorawa. Tsiro ne mai jinkirin girma ƙwarai. Inda ka ga ya yi faɗi ya rufe dutse, ƙanƙara ta daɗe da barin wurin. Inda duwatsu suke tsirara, kwanan nan ta tashi. Da wannan kaɗai kana iya bin ja da bayanta da ƙafarka.

Ta uku ita ce wadda nake so ka fi riƙewa. Kogin ƙanƙara yana ɗauke da duk dutsen da ya faɗo masa, manya da ƙanana, in ya narke sai ya zubar da su a gefensa da gabansa, su yi dogon tudu kamar kunyar gona, amma kunyar da ta fi gida tsayi. Ruwa yana tace kayansa, yashi gefe, tsakuwa gefe. Ƙanƙara ba ta tacewa: dutse kamar ɗaki kusa da wanda bai fi ƙwai ba, a hargitse. Wannan hargitsin ya bar ramuka da lunguna masu ɗumi waɗanda iska ba ta shiga, kuma nan ne gidan rema.

Kai da ka fito daga Bauchi wataƙila ka san rema, wadda wasu ke kira agwada, a duwatsun can gida. Ita ce dai a nan, sai dai gashinta ya fi kauri. Kafin ka gan ta za ka ga shaidarta: farin tabo a jikin dutse inda fitsarinsu ya bushe, da tarin kashi ƙanana a wuri guda, domin masai ɗaya suke yi. In ka sami wannan, zauna nesa kaɗan da safe, rana a bayanka, ka yi shiru. Jikin rema ba ya riƙe ɗumi sosai, don haka da rana ta taɓa dutse za su fito ɗaya bayan ɗaya su baje, wasu a kan wasu, sai sun sha hantsi kafin su fara kiwo. Galibi akwai babba guda a kan dutse mafi tsayi yana gadi. Shi za ka sa wa ido. In ya yi wata ƙara mai kaifi kowa ya ɓace cikin rami, ɗaga kanka sama, mai yiwuwa baƙar gaggafa ce mai farin baya ke shawagi, wadda rema ce babban abincinta. Damisa ma tana hawowa har nan, amma ganinta sai mai rabo. Sawunta a laka ko kashinta mai gashi shi ne abin da yawancinmu muke samu. Wani abin da ɗalibai ba sa yarda da shi sai sun duba da kansu: wannan 'yar dabba mai kama da gafiya, giwa na cikin danginta na kusa. Dubi haƙoranta biyu na gaba da faratanta masu faɗi. A zangonni sun saba da mutane har suna shiga jaka. Kada ka ba su abinci, kuma suna cizo.

Tsirran wurin su ma abin zama ne a kalla. Wani masanin tsirrai ɗan Suwidin, Olov Hedberg, ya siffanta yanayin irin waɗannan duwatsu da cewa kowace rana bazara ce, kowane dare kuma hunturu. Da rana sai ka tuɓe rigar sanyi, da asuba ka tarar ruwan alwala ya daskare a buta, saboda haka ka kwana da gorarka a cikin bargo. Akwai wani tsiro, senesiyo, mai kama da kabeji a kan gungume, yana fin mutum tsayi. Ba ya zubar da busassun ganyensa, suna nan manne a jikinsa kamar bargo, kuma da daddare ganyen sama yana tsukewa ya rufe tohon da ke tsakiya. Akwai lobeliya iri biyu: ɗaya doguwa mai gashi kamar an tsayar da jelar doki, wadda sau ɗaya take fure ta mutu, ɗaya kuma gajera mai tara ruwa a tsakiyar ganyenta. Leƙa cikinta da sassafe, za ka ga saman ruwan ya daskare, tohon yana ƙasa lafiya lau. Gajerar ta fi son gindin kwari mai danshi, inda ƙanƙara ta bar ƙasa shimfiɗe ruwa yana kwanciya.

Tunda tsuntsaye ne sha'awarka, a jikin lobeliya za ka jira. Akwai wani ɗan tsuntsu dangin sha-kauci, namijin kore shar mai walƙiya, da doguwar jela da ɗan jan gashi a hammata, yana bin furen yana tsotsa yana kuma kama ƙwari. A irin waɗannan duwatsu masu tsayi na Afirka kaɗai ake samunsa. Akwai kuma wani ƙarami ruwan ƙasa mai farin gefen jela, marar tsoro, wanda zai zo har kusa da takalminka yana neman ɓarɓashi. Da dare in ka ji kukan mujiya mai zurfi daga gangare, ɓerayen da ke cikin ciyawa take farauta. Hanyoyinsu suna nan kamar ƙananan ramuka a ƙarƙashin tushen ciyawar.

Wani abu kuma da mutane ke takawa su wuce: ƙasar da ba ciyawa, da asuba, za ka ga ta tashi a kan siraran allurai na ƙanƙara, tana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin ƙafa. Kullum dare sai sun ɗaga ƙasar, kullum hantsi su sake ta. Shi ya sa ƙananan tsirrai ke shan wuya kafin su kafa saiwa a can.

Manyan dabbobi, gaskiya ne, a ƙasa suke. Dajin da za ku ratsa a ranar farko, da kurmin gora da ke samansa, akwai giwa da ɓauna da wani biri baƙi da fari mai jela kamar izga. Ɓauna ce abin tsoro, don haka kada ka yi gaba kai kaɗai. Wurin gandun daji ne na gwamnati tun 1949, UNESCO kuma ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1997, akwai kuɗin shiga, kuma ba a tsinkar ganye ko ɗaukar dutse.

Janairu da Fabrairu lokaci ne mai kyau, rani ne a can, haka ma Agusta zuwa Satumba. Duk da haka gajimare yakan taso daga ƙasa kafin azahar ya rufe komai, don haka kallonka na safe ne. Ka tafi da madubin hangen nesa ko da ƙarami ne, da ɗan littafi da fensir, domin biro yana ƙin rubutu a sanyi, batirin waya kuma yana saurin mutuwa. Rubuta wuri, da lokaci, da abin da dabbar take yi, ka zana ta ko da zanen bai yi kyau ba. Suna sai ka nemo daga baya. Ku ɗauki ɗan jagora daga mutanen yankin, ka kuma gaya masa tun farko cewa kai ɗan kallo ne, domin da yawansu sun saba da masu sauri su kai Lenana su ɗauki hoto su sauko. In da hali ku ƙara kwana ɗaya a Shipton. Jikinka zai saba da ƙarancin iska, kuma safiyar nan da ba a gaggawa ita ce ta zama da rema. Idan kuwa ciwon kai ya tsananta, ga amai, ga jiri, ko numfashi ya gagara kana kwance, to ba a jira gari ya waye, sauka ake yi nan take.