Wane Littafi Zan Saya? Amsoshin Wasiƙunku

Wata uwa daga Tudun Wada ta ce ɗanta ɗan shekara 10 ba ya son karatu, kuɗin hannunta kuma na littafi ɗaya ne. Hajiya, ki kwantar da hankalinki, yaron bai lalace ba. Ki saya masa Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934. Siriri ne, kuma rikicin Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman yana sa yaro dariya tun shafukan farko. Magana Jari Ce sai ya gama wannan. Shi juzu'i uku ne, ki fara da na ɗaya, inda aku ke tsare Musa ɗan sarki da labarai don kada ya fita.

Wani ɗalibi a unguwar Kongo ta Zariya ya tambaya ko taƙaitawar da ake sayarwa a bakin makaranta za ta isar masa, ba sai ya karanta Shaihu Umar ba. Ba za ta isa ba. Littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa bai kai zaman yini guda ba, kuma wahalar da uwar Umar ta sha tana neman ɗanta ba ta shiga shafi biyu. Ka karanta, ka daina neman gajeriyar hanya.

Malam daga Samaru ya ce ya sayi Magana Jari Ce da araha a kasuwa, ya je gida ya tarar labari ya yanke a tsakiya. To Malam, jabu ka saya, kuma a kan wannan zan ɗan daɗe. Ana buga littafi ne a manyan takardu a naɗe su, galibi shafi 16 kowace, shi ya sa in an yi ganganci wajen haɗawa za ka ga an tsallake daga shafi 32 zuwa 49. Kafin ka biya, ka bi lambobin shafi da yatsa. Ka ɗaga takarda ɗaya ga hasken rana: in rubutun baya yana ratsowa, ta yi sirara. Ka duba ƙ da ɗ da ɓ, don a kwafin da aka ɗauka daga wani kwafin lanƙwasar kansu ce ke fara gogewa, sai ƙafa ta koma kafa. Zane-zanen ma baƙi ƙirin suke fitowa. Sannan ka buɗe tsakiya ka danna a hankali. Wanda aka ɗinke da zare zai kwanta, wanda aka shafa wa gam kawai zai yi ƙara, zafin watan Afrilu ɗaya ya ishe shi ya fara zubar da shafuka. Abin takaici, a Zariya, garin da aka kafa Kamfanin Gaskiya na buga littattafai a 1945, muke sayen irin wannan, muna murna mun yi ciniki.

Mai tambaya kan ƙamus: Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, na 2006, Hausa ne zuwa Hausa, shi ya fi dacewa da malamin aji. Na Bargery, na 1934, ya fi zurfi amma bayaninsa da Turanci ne, nauyinsa kuma ba na jakar makaranta ba ne.

Amaryar da ke neman littattafan da launin bangonsu zai dace da labulen falonta, wannan tambayar ta mai labule ce.