Tambayoyinku kan fasaha: ba a karanta dokar gidaje a bidiyon WhatsApp

Wani ɗan'uwa mazaunin Kalifoniya a Amurka ya rubuto: "Malam, an turo min bidiyo a WhatsApp cewa yanzu kowa na iya gina gida huɗu a filinsa, hukumar birni ba ta da ta cewa. Na tambayi ChatGPT, ya ce haka ne. In kira magina?"

Alhaji, ajiye lambar maginan tukuna. Irin wannan tambayar ce ke hana ni barci. Mutum ya yi shekaru yana tara dala da gumin goshinsa, zai zuba ta a gini, amma duk hujjarsa bidiyon minti ɗaya ne da aka yi ta turawa har hoton ya dusashe. Da filin gadonku ne a gida, ai sai ka ga takarda da idonka.

Dokar tana nan, sunanta SB 9. Gwamna Gavin Newsom ya sa mata hannu a Satumban 2021, ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2022. Tsadar gidaje ce ta sa jihar ta rage wa birane iko: a unguwar da aka ƙayyade gida ɗaya a kowane fili, yanzu kana iya gina biyu, ko ka raba filin biyu ka samu har huɗu. In ka cika sharuɗɗa, dole birni ya ba ka izini ba tare da an tara maƙwabta jin ra'ayinsu ba. To sharuɗɗan ne mai bidiyon ya haɗiye. In za ka raba fili, kada kowane yanki ya gaza murabba'in ƙafa 1,200, kada ƙaramin ya gaza kashi 40 cikin 100, kuma za ka sa hannu a takardar rantsuwa cewa kana da niyyar zama a ɗaya daga cikin gidajen shekara uku. Akwai kuma filayen da aka ware, kamar ƙasar noma mai kyau da fadamu.

Ka shiga leginfo.legislature.ca.gov, shafin majalisar dokokin jihar, da kwamfuta. Ga inda mutane ke faɗawa rami: duk bayan shekara biyu ake sake lissafin lambobin ƙudurori daga farko, don haka akwai SB 9 da yawa waɗanda ba ruwansu da gida. Zaɓi zangon 2021-2022. Abin da ya fi ma, ka buɗe sashe na 65852.21 da na 66411.7 na kundin dokokin gwamnatin jihar, domin nan ne ake shigar da gyare-gyare. Kuma abubuwa sun canja: a 2024 wata kotu a Los Anjeles ta ce dokar ba ta hau kan birane biyar da suka kai ƙara ba, a shekarar kuma majalisa ta gyara ta da SB 450. Manhajar ChatGPT da ka tambaya tana iya cakuɗa maka tsohon zance da sabo, ta faɗa maka da cikakken ƙarfin hali. Danna Ctrl+F, nemo kalmar da ta dame ka, karanta da kanka. Sannan ka adana shafin a PDF da kwanan wata a sunan fayil ɗin. Na sha faɗa, kuma ba zan gaji ba.

Wata baiwar Allah daga Los Anjeles: "Ta yaya zan san rukunin da aka sa filina?"

Hajiya, buɗe taswirar ZIMAS ta birnin, shafin intanet mai nuna irin ginin da aka ware wa kowane fili, sa adireshinki ko lambar filin da ke kan takardar haraji. A waya yatsanki zai yi ta danna gidan maƙwabci, ari kwamfutar yara.

Wani kuma: "Shafin neman izini ya ƙi karɓar zanen ginina, wai ya yi nauyi."

Na san abin da ka yi, ɗaukar hoton kowace takarda ka yi a kan darduma har da ɗan yatsanka a gefe. Ce wa mai zanen ya turo maka ainihin PDF ɗin daga kwamfutarsa.

Ta ƙarshe: "In na gina ƙarin ɗakin a ƙarƙashin wannan doka, yaya zan sa shi a Airbnb?"

Ɗan'uwa, ba matsalar manhaja ba ce; Airbnb galibi ta hayar 'yan kwanaki ce. Dokar ta ce hayar gidan da aka gina ta wannan hanya sai ta wuce kwana 30. Nemi ɗan haya na wata-wata.