Tsohuwar Bindigar Soja a Legas: Garand ko SKS, Me Doka Ta Ce?

Tambaya daga wani Alhaji a Agege:

Barista, barka da aiki. Ni dillalin shanu ne a Oko-Oba, kuma tun ina yaro nake sha'awar tsofaffin bindigogi. Ƙanena da ke Amurka ya kai ni filin wasan harbi lokacin da na je masa ziyara, na ga M1 Garand da SKS, duk sun shiga raina. Ya ce in zaɓi ɗaya, zai sa mini a kwantenar motar da zai turo. Ni ba don faɗa nake so ba, don wasan harbi ne da ajiyar tarihi. Wacce ta fi sauƙin samun lasisi? Sannan akwai bindigar farauta mai baki biyu ta marigayi mahaifinmu, shekara uku ke nan tana bayan wadirof ɗina, takardarta da sunansa. Ko akwai matsala?

Amsa:

Ranka ya daɗe Alhaji, Allah ya jiƙan Baba. Kafin komai, ka kira ƙanenka yau ka ce masa kada ya sa ko da ƙusar bindiga a kwantenar nan. Sauran bayani sai mu yi shi a tsanake.

Ban ga laifin sha'awarka ba. Garand bindiga ce mai tarihi: sojan Amurka sun ɗauke ta a 1936, da ita suka yi Yaƙin Duniya na Biyu da yaƙin Koriya, tana cin harsashi takwas, kuma idan na ƙarshe ya fita sai ta tofar da maƙalin harsashin da wata ƙara da masu tara bindigogi ke mutuwar so. SKS kuwa ƙirar Simonov ce ta Tarayyar Sobiyet, harsashi goma, ba ta da tsada kuma ba ta da laulayi. Dukansu masu ɗana kansu ne, wato kowane jan kunama harsashi ɗaya ya fita, ita kuma ta ɗura wa kanta na gaba. A Amurka mutum na iya kwana yana muhawara a kan wacce ta fi saiti, wacce ta fi daraja a kasuwa. A Najeriya wannan muhawarar ba ta ma taso ba, domin doka ta zuba su a kwando ɗaya.

Dokar Bindigogi ta 1959, wadda ke Babi na F28 a kundin dokokin tarayya na 2004, ta kasa bindigogi gida uku. Kashi na farko su ne haramtattu, waɗanda sashe na 3 ya ce babu mai riƙe su sai da lasisin da Shugaban Ƙasa ya bayar bisa ganin damarsa. A cikin jerin akwai igwa, gurneti, mashin-gan, fistol kowane iri, sai kuma bindigogin soja. Abin lura shi ne yadda dokar ta gane bindigar soja. Ba ta duba shekarunta ba, ba ta duba ko an daina yaƙi da ita ba, ba ta kuma tambayi niyyar mai ita ba. Faɗin baki kawai ta auna: milimita 7.62, milimita 9, inci .300 da inci .303. SKS tana harba 7.62x39, ta faɗa kai tsaye. Garand tana harba .30-06, wanda bakinsa inci .300 ne, wato 7.62 ɗin dai da wani suna. Ƙaramar 'yar'uwarta M1 Carbine haka, FN FAL ta Beljiyam da sojojinmu suka daɗe suna rataye haka. Hatta Lee-Enfield ta zamanin Turawa, wadda da hannu ake ɗana ta, .303 ce, ita ma tana ciki. A idon doka, Garand ɗin da ta haura shekara tamanin da AK-47 ɗin ɗan fashi aji ɗaya suke zaune.

Za ka ce to a nemi lasisin Shugaban Ƙasa mana. A takarda ƙofar tana nan. Amma ni ba zan karɓi kuɗinka in ce zan buɗe maka ita ba, domin sashe na 6 ya fayyace cewa lasisi ba haƙƙin kowa ba ne, kuma "ina son in rataye ta a falo" ba hujjar da za ta motsa fadar Shugaban Ƙasa ba ce. Duk wanda ya ce maka yana da hanya a Abuja, kawo kaza a fito maka da takarda, to ko dai kuɗinka zai ci, ko ya miƙo maka takardar bogi ta zama tuhuma ta biyu a kanka. Gwamnan Legas ma ba shi da ikon bayarwa, saboda tsarin mulki ya sa makamai da harsasai a jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke yi wa doka.

Hukuncin ba na wasa ba ne. Sashe na 27 ya tanadi ɗaurin da bai gaza shekara goma ba ga wanda aka kama da haramtacciyar bindiga. Dokar Fashi da Makami ma, a sashenta na 3, ta tanadi tarar naira 20,000 ko ɗaurin da bai gaza shekara goma ba, ko duka biyun, ga mai riƙe da bindiga ba bisa ƙa'ida ba. Kada ƙanƙantar tarar ta ruɗe ka, tsohon lissafi ne, kuma alƙali ne ke zaɓa, ba kai ba.

Maganar kwantena kuwa laifi ne daban da ke zaman kansa. Shigo da bindiga na buƙatar lasisin shigowa, da takardar shaidar wanda zai yi amfani da kayan daga ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro, da kuma bayyana ta ga kwastam. Mu da ke Legas mun ga yadda ake ƙarewa: a watan Janairun 2017 kwastam sun kama bindigogi 661 a kwantenar da ta fito daga tashar jiragen ruwa ta Apapa, a watan Satumba na shekarar suka sake kama 1,100 a tashar Tin Can. Taka guda ɗaya ce, na sani, amma sunanka ne a takardar kaya, kuma Babbar Kotun Tarayya da ke Ikoyi ba ta da sassauci na musamman ga masu sha'awar tarihi. Ƙanenka ma zai jawo wa kansa, don Amurka ba ta barin a fitar da bindiga daga ƙasarta ba tare da izini ba. Wasu na cewa a kwance ta, a turo baki daban, kunama daban. Dokarmu ta riga su: ma'anar bindiga a cikinta ta haɗa da kowane sashe na jikin bindiga. Wannan ne kuma ya sa ba na ba da shawarar wadda aka toshe wa baki don ado, ko da ta zo da takardar wata ƙasa cewa ba ta harbi. Ɗan sandan da ya gan ta a gidanka ba zai tsaya karanta takardar ba, bayanin sai a gaban alƙali.

To me ya rage maka? Kashi na biyu, wanda Sufeto Janar na 'Yan Sanda ke ba da lasisinsa a ƙarƙashin sashe na 4. Nan ne bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu take, da bindigar iska, da bindigar wasa mai bakin da ba ya cikin huɗun can, kamar .22. Idan da gaske saiti ne ke burge ka, da waɗannan ake gasar Olamfik: bindigar iska a nisan mita 10, .22 a mita 50. Ka lura, bindigar iskar ma sai da lasisi, mutane da yawa ba su san haka ba. Ita kuma wadda ake zuge wa hannu a ɗana, da 'yan banga ke yawo da ita kamar sandar kiwo, dokar ta cire ta daga wannan kashi saboda tana da na'urar ɗuri. Wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai matsalar ido, ko mashayi, ko wanda kotu ta kama da laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka wuce, ba a ba shi lasisi. Sai dai a watan Agustan 2023 muƙaddashin Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar da dakatar da bayar da sababbin lasisi, don haka kafin ka kashe ko sisi, a rubuta wa hedikwatar 'yan sanda ta Ikeja a ji matsayin da ake ciki, amsar ma a rubuce. In an samu, daga dillali mai rajista kaɗai za ka saya. Garand kuwa ka bar ta can inda ka gan ta. In ka koma ziyara, ƙanenka ya bincika ƙa'idar da ta shafi baƙi masu biza kafin ya miƙa maka, don su ma suna da tasu. Idan kuma tarihin ne, Gidan Tarihin Yaƙi na Ƙasa yana Umuahia, ka ware kwana biyu.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a wasiƙarka, wanda ka sako a ƙarshe kamar ba komai ba. Bindigar Baba.

Lasisin bindiga ba a gadonsa. Na mutum ɗaya ne, kuma ya bi mai shi. Sashe na 7 ya ba wanda kayan mamaci ke hannunsa kwana 14 kacal daga ranar rasuwa ya riƙe ta ba tare da laifi ba. Kai kana shekara ta uku. Ma'ana, yau ɗin nan kana riƙe da bindigar kashi na biyu babu lasisi, laifin da sashe na 27 ya ce ɗaurinsa na iya kaiwa shekara biyar, kuma mai gabatar da ƙara na iya zaɓar waccan Dokar Fashi da Makami mai shekara goma. Idan akwai harsasai a tare da ita, su ma tuhuma ce daban a sashe na 8. Na san abin da 'yan'uwa za su ce: a bar kaza cikin gashinta, wa ya sani? Ai matar gida ta sani, yaran da ke share ɗaki sun sani, wataƙila abokin cinikin da kuka yi sa-in-sa da shi a kara ma ya taɓa ji. Takardar ƙorafi ɗaya ta isa a zo bincike, kuma bindiga a gidan Bahaushe dillalin shanu a wannan zamani, kai ma ka san fassarar da za a fara yi mata.

Kada ka sa ta a but ɗin mota ka nufi caji ofis, shingen farko da aka tsayar da kai labarin ya canza. Kada ka ba wani ajiya, kada ka aika da ita gida Arewa a motar shanu, kada kuma ka sayar, domin miƙa bindiga ga wanda ba shi da lasisi wani laifin ne. Ka nemi lauya, ku tattara tsohon lasisin Baba, da takardar shaidar rasuwarsa, da lambar da ke jikin bindigar. Lauyan ya rubuta wa Kwamishinan 'Yan Sanda na Legas cewa magada na son miƙa ta a ajiye a ma'ajiyar makamai ta gwamnati, a sa rana, su zo su ɗauka ko su ba da rakiya, kuma ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar. Ba zan yi maka alkawarin cewa miƙawar ta shafe shekara ukun ba, doka ba ta faɗi haka ba. Amma wanda ya rubuta da kansa ya kawo, da wanda aka ɗaga wa katifa aka samu, ba tsayuwa ɗaya suke yi a gaban hukuma ba.

A cikin wasiƙar a ƙara cewa kana neman a ci gaba da ajiye ta har ka nemi lasisi da sunanka. Tun da tana cikin dukiyar gado, ka sanar da sauran magada kafin a rubuta, su sa hannu cewa sun yarda, don kada gobe wani ya ce ka salwantar da kayan Baba. Ka zo da takardun a makon nan mu duba ko lambar da ke lasisin ta yi daidai da ta jikin bindigar.